Ƙofofin Ƙwayar Halitta: Dalilin da Ya Sa Ruwan Gishiri da Sukari Yake Ceton Rai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin sha-ka-tafi da damina, lokacin da amai da gudawa suka yi yawa a gari, ya ji ma'aikatan lafiya suna nanata wa iyaye mata magana ɗaya, wato a haɗa ruwan gishiri da sukari a riƙa ba yaro yana kurɓa. Maganar ta zama jiki, har ba a cika tambayar dalilinta ba. Na sha jefa wa ɗalibaina 'yan shekarar farko wannan tambaya: me ya kawo sukari cikin maganin? Wasu sukan ce don a kashe ɗanɗanon gishiri ne yaro ya yarda ya sha, wasu kuma su ce don ya ƙara wa majinyaci ƙarfi. Amsa ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai ga ainihin dalilin ba. Dalilin yana can cikin hanji, a jikin wani tantani da ido ba ya iya gani. A wannan maƙala za mu duba yadda abubuwa ke shiga da fita ta wannan tantani, sannan mu ga yadda sanin haka ya ceci rayukan miliyoyin mutane.

Ganuwa da ƙofofinta

Jikin kowane abu mai rai an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ake kira ƙwayoyin halitta. A jikin baligi ɗaya akwai kimanin tiriliyan 30 daga cikinsu. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wata siririyar fata, wadda za mu kira tantani. Sirantakarsa ta wuce misali, domin kaurinsa bai wuce nanomita 7 zuwa 10 ba. Sai an jera irinsa kamar dubu goma, ɗaya bisa ɗaya, kafin su kai kaurin wannan takarda da mai karatu yake riƙe da ita.

Tantanin an yi shi ne da wani irin maiƙo mai suna fosfolifid. Kowane ɓurɓushi na wannan maiƙo yana da kai mai son ruwa da wutsiyoyi biyu masu gudun ruwa. Saboda haka idan suka sami kansu cikin ruwa sai su jeru sahu biyu, kawuna suna fuskantar ruwan ciki da na waje, wutsiyoyi kuma suna ɓoye a tsakiya. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su ne suka kawo hujjar haka a shekarar 1925. Sun tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi a kan ruwa, sai suka ga faɗinsa ya kai ninki biyu na faɗin fatar ƙwayoyin. Daga baya an gano kurakurai a lissafinsu, amma maganar sahu biyu ta tabbata. A 1972 kuma Singer da Nicolson a Amurka suka bayyana cewa tantanin ba a daskare yake ba, yana motsi kamar mai, kuma akwai furotin iri-iri da ke yawo a cikinsa, waɗansunsu sun huda shi daga wannan gefe zuwa wancan.

Mai karatu ya kwatanta wannan da ganuwar birnin Kano a zamanin da. Ganuwa tana raba ciki da waje, amma birnin da ba a shiga ba a fita ba zai rayu ba. Shi ya sa aka yi Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Kabuga da sauransu, kowace da sarkin ƙofarta. Maiƙon shi ne ganuwa, furotin kuwa su ne ƙofofi. Bambancin kawai shi ne, kowace ƙofa ta ƙwayar halitta tana da irin kayan da take yarda su wuce, ba ta karɓar wani.

Bazuwa

Hanya mafi sauƙi ita ce bazuwa. Idan aka jefa busasshen zoɓo cikin kwanon ruwa aka bar shi, ba tare da an motsa ba, a hankali jan launi zai game ruwan. Dalili kuwa, ɓurɓushin kowane abu ba ya zama wuri ɗaya, kullum cikin motsi yake, don haka yakan tashi daga inda ya yi yawa ya nufi inda ya yi ƙaranci har ko'ina ya daidaita. Wannan tafiya kamar gangara ce, ƙwayar halitta ba ta kashe ƙarfinta a kai.

Ta haka iskar oksijin take shiga jini daga huhu, ta kuma shiga ƙwayoyin jiki daga jini, iskar kabon-dayoksayid kuma ta bi hanyar ta fito. Waɗannan iskoki ƙanana ne kuma suna narkewa cikin maiƙo, saboda haka ba su bukatar ƙofa, ganuwar kanta suke ratsawa.

Amma akwai abubuwan da maiƙo ba ya bari su wuce. Sukarin jini, wanda ake kira gulukos, ya yi girma. Gishiri kuma idan ya narke yakan rabu gida biyu, sodiyam da kilorayid, kowanne yana ɗauke da cajin lantarki, maiƙo kuwa ba ya jituwa da mai caji. Irin waɗannan sai ta ƙofar furotin. Wasu ƙofofin rami ne da ake buɗewa a rufe, wasu kuma sukan kama kayan ne su juya su sake shi a ɗaya gefen. Alal misali, sinadarin insulin yana sa ƙwayoyin tsoka su fito da ƙarin ƙofofin gulukos zuwa tantaninsu. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru cikin jini, wannan shi ne ciwon sukari.

Ruwa yana bin gishiri

Shi ma ruwa yana da tasa ƙa'idar, wadda masana suke kira osimosis. Idan tantani ya raba ruwa biyu, ɗaya da gishiri ko sukari mai yawa, ɗaya da kaɗan, kuma tantanin ba ya barin gishirin ya wuce, to ruwa ne zai ratsa ya koma gefen da ya fi kauri. A taƙaice, duk inda gishiri ya taru, ruwa zai bi shi.

Iyayenmu mata sun san wannan a aikace. Idan aka yanka albasa ko tumatir aka barbaɗa gishiri, nan da nan za a ga ruwa yana tsattsafowa. Idan aka tsoma alayyahun da ya yi yaushi cikin ruwan sanyi, sai ya miƙe. Manomi ma ya san idan ya cika takin zamani a gindin masara, shukar takan ƙone, domin ƙasar ta fi saiwa kauri, ta zuƙe mata ruwa. Jar ƙwayar jini kuwa idan aka saka ta cikin tsurar ruwa, takan kumbura har ta fashe, saboda ba ta da ƙaƙƙarfan bango irin na ƙwayar tsiro. Wannan ne ya sa ruwan da ake ƙara wa majinyaci ta jijiya ba tsura ba ne. Wanda aka fi amfani da shi yana ɗauke da giram 9 na gishiri a kowace lita, daidai da kaurin jini.

An daɗe ana mamakin saurin da ruwa yake ratsa wasu ƙwayoyi, kamar na ƙoda. A 1992 Peter Agre da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ruwa ma yana da ƙofarsa ta musamman, wadda aka sa wa suna akwaforin. Wannan aiki ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 2003.

Hawan tudu

Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu gangara ce. To amma ƙwayar da ta bar komai ya daidaita tsakanin cikinta da waje ta mutu ke nan. Mai rai dole ta tara wasu abubuwa a ciki, ta kori wasu waje, ko da kuwa hakan ya saɓa wa bazuwa. Wannan hawan tudu ne, kuma sai da ƙarfi. Kuɗin da ƙwaya take biya shi ne wani sinadari mai suna ATP, wanda take samu daga ƙona abinci.

Mafi shahara a wannan aiki shi ne famfon sodiyam da fotasiyam, wanda Jens Skou na ƙasar Danmak ya gano a 1957 yana bincike a kan jijiyoyin ƙaguwa, ya kuma sami lambar Nobel a kansa a 1997. Duk lokacin da famfon ya kashe ATP ɗaya, yakan fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu. Dare da rana yake wannan aiki, har ya zama sodiyam da ke waje ya ninka na ciki kamar sau goma.

Mene ne amfanin wannan wahala? Mai karatu ya tuna da tankin ruwa da ake ɗorawa a bisa gida. An kashe ƙarfi wajen tura ruwa sama, amma da zarar an buɗe famfo zai sauko da kansa, har ya iya tura wani abu. Haka sodiyam da aka tara a waje yake matsa wa ƙofa yana neman komawa ciki, ƙwaya kuma takan yi amfani da wannan matsi ta jawo wasu kaya tare da shi. A riƙe wannan magana, domin ita ce mabuɗin tambayarmu.

Akwai kuma kayan da suka fi ƙarfin kowace ƙofa. Irin waɗannan tantani yakan lanƙwasa ya naɗe su cikin 'yar jaka ya shigar da su. Ta haka fararen ƙwayoyin jini suke haɗiye ƙwayoyin cuta. Sai dai wani lokaci maƙiyi ma ta nan yake samun shiga, kamar yadda za mu gani.

Abin da kwalara take yi

A kowace rana ruwan da yake bi ta hanjin baligi ya kai lita 8 zuwa 9, idan aka haɗa wanda ya sha da yawu da sauran ruwan narkar da abinci. Kusan dukkansa hanji yake mayarwa jiki, abin da yake fita a bayan gida bai kai cikin kofin shayi ba. Hanji ba shi da famfon ruwa. Sodiyam yake tsotsa, ruwa kuma ya biyo shi.

Ƙwayar cutar kwalara tana shiga ciki ta gurɓataccen ruwa ko abinci, ta zauna a ƙaramin hanji. Ba ta huda hanji, ba ta shiga jini. Dafi take saki, abin da wani likita ɗan Indiya, Sambhu Nath De, ya tabbatar a birnin Kalkata a 1959. Dafin yakan maƙale a tantanin ƙwayoyin hanji, su kuma su naɗe shi su shigar da shi. Da ya shiga sai ya yi ɓarna biyu: ya sa ƙofar kilorayid ta tsaya a buɗe, kilorayid ya yi ta kwarara cikin hanji, ya kuma toshe ɗaya daga cikin manyan hanyoyin tsotsar sodiyam. Gishiri ya taru cikin hanji ke nan, ruwan jiki kuma ya bi shi. Sakamakon shi ne gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, wadda a baligi takan kai lita guda a awa ɗaya. Jini ya yi kauri, idanu su faɗa, fitsari ya ɗauke, mutum yana iya rasuwa cikin awoyi kaɗan. Idan cutar ta yi tsanani ba a yi magani ba, takan kashe kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na waɗanda ta kama.

Mu a nan ba labari muke ji ba. A 1991 kwalara ta kama mutum sama da 59,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 7,000. A 2021 ma an sami sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Ƙofar da ta rage

Idan aka ba irin wannan majinyaci tsurar ruwa, bai mayar da gishirin da ya rasa ba. Idan aka ba shi ruwan gishiri kawai, hanjin ba zai tsotse shi yadda ya kamata ba. Shi ya sa shekaru da dama aka ɗauka ƙarin ruwa ta jijiya ne kaɗai mafita, wanda kuwa yana bukatar allura da ruwa mai tsabta da gwanin da zai nemo jijiya, abubuwan da ba a samu a ƙauye.

A 1960, a wani taro a birnin Prague, masani Robert Crane na Amurka ya gabatar da wani bayani game da yadda hanji yake tsotsar gulukos. Ya ce akwai ƙofar da ba ta juyawa sai sodiyam da gulukos sun zo tare. Sodiyam yana gangarowa ciki saboda matsin da famfo ya tara, shi kuma gulukos ya bi ayarinsa. Yanzu an san sodiyam biyu ne suke raka gulukos ɗaya. Daga nan famfon da ke ɗaya gefen ƙwayar ya tura sodiyam zuwa jini, kilorayid ya biyo baya, ruwa kuma ya bi su duka.

Babban abin da aka gano bayan haka shi ne, dafin kwalara ba ya taɓa wannan ƙofa. Tana nan tana aiki ko a tsakiyar gudawa. Ashe sukari shi ne abokin tafiyar da sai da shi ake buɗe wa gishiri. Wannan ita ce amsar tambayar da nake yi wa ɗalibaina.

Daga ɗakin bincike zuwa sansanin gudun hijira

A 1968, a birnin Daka, wanda a lokacin yake Pakistan ta Gabas, likitoci David Nalin da Richard Cash suka nuna cewa ba masu kwalara ruwan gishiri da gulukos ta baki yana rage bukatar ƙarin ruwa ta jijiya da kusan kashi 80 cikin ɗari. Amma babban gwaji ya zo ne a 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangladash, sa'ad da miliyoyin mutane suka tsallaka zuwa Indiya, kwalara kuma ta ɓarke a sansanoninsu. A garin Bangaon, ruwan ƙari ya kusa ƙarewa a hannun Dakta Dilip Mahalanabis da mutanensa. Sai ya sa aka riƙa haɗa gishiri da gulukos da hodar soda a manyan durom-durom, 'yan'uwan majinyata suna ɗiba a kofi suna ba su. Cikin mutum sama da 3,000 da aka yi wa magani, mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa kashi 3.6. A 1978 mujallar likitoci ta Lancet ta bayyana wannan ganowa a matsayin wadda mai yiwuwa ta fi kowace muhimmanci a fannin likitanci a ƙarni na ashirin.

Maganin bai tsaya ga kwalara ba, yana aiki a yawancin gudawa. A wajajen 1980 gudawa tana kashe yara ƙanana kimanin miliyan 4.6 a shekara a duniya. A 'yan shekarun nan adadin ya sauko ƙasa da rabin miliyan. Tsabtar ruwa da rigakafi da ingancin abinci sun taimaka, amma ruwan gishiri da sukari yana da babban rabo a wannan nasara.

Muhimmancin awo

Wanda ya fahimci osimosis zai gane dalilin da ya sa ake tsananta awo. Idan sukari ya yi yawa, ruwan cikin hanji zai fi jini kauri, sai ya ƙara zuƙo ruwa daga jiki, gudawa ta ƙaru. Shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbin wannan magani. Idan kuma gishiri ne ya yi yawa, zai taru cikin jini ya zuƙe ruwan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, abin da yakan jawo wa jariri jijjiga har da mutuwa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa. Saboda wannan dalili ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage yawan gishiri da gulukos a haɗin da take ba da shawara a 2002.

Abin da ya fi shi ne a yi amfani da ƙullin da ake samu a asibiti da kemis, a zuba shi duka cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, domin yana ɗauke da fotasiyam da sauran abubuwan da jiki ya rasa. In babu shi, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari cikin ƙaramin cokalin shayi shida, a shafe, ba a toza ba, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba da nono da abinci, abin da ya wuce awa 24 kuma a zubar a haɗa sabo. A sani cewa maganin ba ya tsayar da gudawa nan take, mayar da abin da aka rasa yake yi. Idan yaro ya kasa sha, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idanu da maɗiga suka faɗa, ko aka ga jini a bayan gida, sai a garzaya asibiti.

Gwaji don aji

Gani ya kori ji. Malami zai iya nuna osimosis ba tare da kayan ɗakin gwaji ba. A fere dankalin Turawa a yanka shi siri-siri gida uku, kowane tsawon santimita 5. A saka na farko cikin kofin tsurar ruwa, na biyu cikin kofin da aka sa gishiri rabin ƙaramin cokali, na uku cikin wanda aka sa babban cokali biyu. Bayan awa ɗaya a fitar a auna, a kuma lanƙwasa kowanne. Ɗalibai su faɗi wanne ya yi tauri, wanne ya yi laushi, da inda ruwa ya nufa a kowane kofi. Daga nan a tambaye su abin da zai faru a hanjin yaron da aka cika wa sukari a maganinsa.

Kammalawa

Mun ga cewa abubuwa suna ratsa tantanin ƙwayar halitta ta hanyar bazuwa, da osimosis, da ƙofofin furotin, da famfo mai cin ƙarfi, da kuma naɗewa cikin jaka. Robert Crane bai fito neman maganin kwalara ba, so yake kawai ya san yadda sukari yake shiga ƙwayar hanji. Gishiri da sukari kuwa suna nan a gidajen mutane tun da daɗewa ana mutuwa da gudawa, a rashin sani kaza ta kwana a kan dami. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi, ban da cin jarrabawa, zai iya bayyana wa mahaifiyarsa dalilin da ya sa cokali shida ne ba goma ba, ranar da ƙaninsa ya kwanta.